Kilba Fasinja Ne: Waiwaye Kan Umaru Dembo da Tauraruwa Mai Wutsiya

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa dalilin tsaro, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar ganawa da masu kai musu rahoto. Aka dakatar da kasuwannin mako, har da ta garinmu Talata Mafara, aka taƙaita sayar da man fetur. Wayar hannuna ta koma fitila da agogo. A cikin wannan zaman jugum ne na buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe na kawuna, wanda ya tsufa yana koyarwa a firamare, na tarar da littattafan da gara ta ɗanɗana ta bari. Akwai Magana Jari Ce, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi, sai wani siriri da bangonsa ya rabu da jikinsa: Tauraruwa Mai Wutsiya, na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969.

Sunan ba baƙo ba ne gare ni. A darasin tarihin ƙagaggun labarai a jami'a an ba shi layi guda, cewa shi ne labarin kimiyya na farko a Hausa, daga nan aka zarce zuwa Kitsen Rogo. Muka haddace layin, muka zuba shi a takardar jarrabawa, muka ci maki. A cikin ajinmu ban ga wanda ya taɓa riƙe littafin da hannunsa ba, ni ma haka. Lambar "na farko" irin wannan takan zama kabari ga littafi, domin da zarar an rataya masa ita sai kowa ya ga ya sauke nauyin karanta shi. A daren nan na karance shi da hasken wayar da ba ta kiran kowa, kuma tun daga ranar nake jayayya da shi a zuciyata. Wannan jayayya ce nake son shimfiɗawa a nan, don ina ganin ita ce girmamawar da ta dace da marubuci.

Ƙashin bayan labarin bai da wuyar faɗa. Wani yaro mai suna Kilba ya gamu da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, suka ƙulla abota, baƙon ya ɗauke shi a jirginsa ya kai shi yawon ganin abin da ke can sama. Wanda ya saba da finafinan yau zai ce to, sai me? Amsar tana cikin shekarar da aka buga shi da kuma irin labaran da ya tarar a gabansa.

Shekarar 1969 ita ce shekarar da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka duniyar wata, ranar 20 ga Yuli, yayin da Nijeriya ke cikin shekara ta uku ta yaƙin basasa. Kada a ɗauka labarin ya tsaya a ƙasashen Turawa. Ya shigo ƙasar Hausa ta akwatin rediyo, ya zauna a bakin jama'a har Mamman Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa, kuma ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara aka laƙaba masa suna Afolo, sunan da ya bi shi har yau. Tun kafin nan ma sama ta riga ta leƙo mu. A farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka tana da tasha a Kano mai bin sawun kumbunan shirin Mercury idan sun ratso ta saman Afirka. Ranar 23 ga Agusta 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka gana ta wannan hanya. Ina jin daɗin tuna cewa muryar da ta amsa daga wannan ɓangare muryar marubucin Shaihu Umar ce. Ashe Dembo bai ɗauko zancen sama daga inda ba a san shi ba. Zance ne da ke yawo a rumfar mai shayi, shi kuma ya ga ya isa a yi masa littafi.

Hawa sama kuwa tsohon abu ne a labaranmu. Gizo ya yi aron fukafukai wurin hankaki, da halinsa ya fito suka karɓe kayansu suka bar shi a kan ɓaure. A littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, Ganɗoki na Bello Kagara ya shiga duniyar aljanu, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ma sai da taimakonsu ya kai ga biyan bukata. Duk tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafa da raƙumi, a wuyan aljani ake yin ta, ko a bayan tsuntsu, ko da zoben sihiri. Abin da Dembo ya yi shi ne ya sauke aljani ya ɗora jirgi a gurbinsa. Da ganin farko canjin ƙarami ne, har wani zai ce aljanin ne ya sake riga, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar: Kolin Koliyo yana yin aikin da aljani ya saba yi, wato ya zo daga inda ba a sani ba, ya zaɓi ɗan'adam guda, ya nuna masa abin da idon mutane bai taɓa gani ba. Ko sunansa, kunnena ƙoli da ƙololuwa yake ji a ciki, suna irin na tatsuniya wanda ke faɗa maka mazaunin mai shi tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai akwai bambanci guda da ya rinjayi duk kamannin. Ba a tambayar sihiri yadda yake aiki. Wanda ya tambaya ma ya karya shi. Na'ura kuwa tambaya take gayyata. Yaron da aka ce masa aljani ya ɗauki Ganɗoki zai yi mamaki ya yi shiru. Wanda aka ce masa jirgi ne ya ɗauki Kilba zai so ya ji da me aka ƙera shi, me yake sha, ina iskar shaƙa take fitowa, kwana nawa ake yi a hanya. Ko littafin ya amsa ko bai amsa ba, ya riga ya buɗe ƙofar. A ganina wannan ce babbar gudummawar Dembo: ya mayar da abin al'ajabi abin da ake iya bincika, kuma ya yi haka ba tare da ya tayar wa mai karatu hankali game da imaninsa ba. A nan yana tafiya ne a kan turbar da Abubakar Imam da East suka share da Ikon Allah, littafin da ya koyar da ilimin halittu da na sama ƙarƙashin sunan da ke cewa duba halitta hanya ce ta sanin Mahalicci. Al'ummar da malamanta suka daɗe suna lissafin manzilolin wata ashirin da takwas, manomanta suna auna damina da taurari, yaranta sun san Zara matar wata da Gamzaki da Kaza Mai 'Ya'ya, ba ta bukatar a roƙe ta kafin ta ɗaga kai.

Sunan littafin kansa ya isa a tsaya a kansa. Tauraruwa mai wutsiya a wurin mutanenmu alamar tashin hankali ce, ko faɗuwar wani babba. Da na kai ziyara Bakura na ambaci sunan littafin a gaban kakana, sai ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, mu munka ga wagga tauraruwa da idonmu, da asuba, can gabas. Ba a yi wata ukku ba anka kashe Sardauna." Lissafinsa bai kauce ba. A ƙarshen Oktoba na 1965 tauraruwar da masana ke kira Ikeya-Seki ta bayyana, ɗaya daga cikin mafi haske a ƙarnin, ranar 15 ga Janairu 1966 kuma aka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai kewaya rana, zafin rana ke fitar masa da wutsiya, bai san Kaduna ba balle Sardauna. Ya dube ni ya ce boko ya gama da ni. Shekara huɗu kacal bayan wannan fargaba, wani matashi ya ɗauki sunan abin tsoron ya rubuta a bangon littafin da yara za su karanta don nishaɗi. Ban san wata hanya da ta fi wannan taushi ta zare wa camfi haƙora ba.

Yanzu ga inda nake jayayya da shi. Kilba fasinja ne. Jirgin ba nasa ba ne, ba na garinsu ba ne, ba maƙerin unguwarsu ya ƙera shi ba. Ilimin yana hannun baƙo, hanya tana hannun baƙo, rabon yaron Hausa shi ne kallo da mamaki. Idan aka ajiye wannan kusa da labarin Jules Verne na 1865 na tafiya duniyar wata, za a ga tazara: a can mutane ne suka taru suka yi lissafi, suka tara kuɗi, suka haƙa rami a Florida suka zuba ƙatuwar igwa don harba kansu. Lissafin nasu da kurakurai, amma nasu ne. Arthur C. Clarke kuwa, kafin duniya ta san shi da ƙagaggun labarai, ya rubuta maƙala a 1945 yana bayyana yadda tauraron ɗan'adam da aka ajiye a nisan kilomita kusan 36,000 zai riƙa juyawa daidai da juyawar ƙasa, ya zama tashar isar da saƙo. Wannan tunani ne ya zama hanyar da muryar Tafawa Ɓalewa ta bi bayan shekara goma sha takwas. A wurin waɗannan marubuta mafarki da ƙira 'yan ɗaki ɗaya ne. A wurin Dembo mafarkin namu ne, ƙirar ta wani.

Dole in yi masa adalci ta fuska biyu. Ta farko, baƙon da ke zuwa daga sama ya kama hannun ɗan'adam ba rauni ne da ya keɓanta da Dembo ba. Clarke kansa ya gina Childhood's End na 1953 da 2001: A Space Odyssey na 1968 a kan wannan tunani, cewa ɗan'adam yaro ne a gaban waɗanda suka riga shi wayewa. Ta biyu, kuma ita ta fi damuna, Dembo gaskiya ya faɗa. Fasinja muke a 1969. Tashar Kano ta Amurkawa ce. Mu mun ba da fili. Da aka zo harba NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003, a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. NigComSat-1 a Sin aka ƙera shi aka harba a 2007, ya mutu a 2008. Sai a 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu, shi ma a masana'antar Ingila. Marubucin da ya zaunar da yaronsa a kujerar baya ya zana hoton da ƙasar ta yi shekara arba'in ba ta fita daga cikinsa ba. Ƙorafina a kansa shi ne ya zana hoton cikin murna, bai bar wa Kilba ko ɗan ƙaiƙayin cewa zanen aro ba ya rufe katara ba.

Mu mutanen wannan yanki mun san ɗaya fuskar baƙo mai na'ura, wadda littafin bai leƙa ba. A shekarun 1970 aka datse Kogin Sakkwato a Bakolori, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin, aka kammala dam ɗin a 1978. Ga manomin Maradun da ruwa ya ci gonarsa da gidansa, ko na Mafara da Bakura da aka baje masa gona aka sake yanka ta da ma'aunin injiniya, motocin nan masu cin tudu ba su da maraba da jirgin Kolin Koliyo: sun sauko daga wata duniya, da ilimin da ba a yi shawara da shi ba, da alkawarin alheri. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, masu bincike suka kai lissafin ga ɗaruruwa. Har gobe ana noman shinkafa da ruwan dam ɗin, ni ma da ita aka yi mini kuɗin makaranta, don haka ba zan zage shi ba. Abin da nake nufi shi ne labarin kimiyya na haƙiƙa yana da tambayoyi biyu: ina jirgin zai kai mu, da kuma gonar wa zai sauka a kai. Dembo ya yi ta farko. Ta biyun tana nan a bakin dam tana jiran marubuci.

Inda ba ni da ja ko kaɗan shi ne wajen harshe. A lokacin da ake ɗaukar cewa kimiyya da Turanci tagwaye ne, ya nuna cewa Hausa za ta iya fita daga doron ƙasa ta dawo ba ta yi tuntuɓe ba. Zamaninsa zamanin ƙirar kalmomi ne mai ban sha'awa. Aka duba abin da ke ɗauke da mutane zuwa wata aka kira shi kumbo, sunan ɗan mazubin da ke ɗakin kowace tsohuwa. Aka kira matuƙansa 'yan sama jannati, aka kira na'urar da ke kewaya ƙasa tauraron ɗan'adam. Waɗannan kalmomi suna da dariya a cikinsu, suna da rashin tsoro, irin na mutanen da suka ga abin mamaki suka ba shi suna daga cikin kayan gidansu. Littafin Dembo ɗan wannan ruhi ne. Wanda ya rubuta Wasannin Yara ya san yadda kunnen yaro yake, kuma wannan sani ne ya hana labarin zama lacca.

To, me ya sa bai haihu ba? Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata, wata gasa ta farkon shekarun 1980 ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, daga nan adabin kasuwar Kano ya cika rumfuna da soyayya da rikicin gidan aure. Ko da labaran ban al'ajabi suka dawo da ƙarfinsu a hannun irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini, takobi da matsafa da aljanu suka fi yawa a fage. Aljanin da Dembo ya sallama ya dawo bakin aikinsa. Ban ɗora wa marubutan laifi ba, kasuwa suke bi, kuma labarin kimiyya yana tsirowa ne inda yaro ya taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ko ya kwance rediyo ya mayar. Inda ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, da wuya a sami mai rubuta shi, da wuya a sami mai saye. A Turanci 'yan Nijeriya sun yi nisa: Binti ta Nnedi Okorafor ta ci kyaututtukan Hugo da Nebula, Rosewater na Tade Thompson ya ci kyautar da ke ɗauke da sunan Clarke a 2019. Yarinyar da ke aji biyu a sakandaren Maradun ba za ta karanta su ba, ko ta samu. Abin da ke harshenta shi ne ɗan littafin nan na 1969, shi ma sai an dace da akwatin wani kawu.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fuska. Wani abokina ya ce mutanen da ba su iya zuwa gona sai sun biya haraji ga ɗan bindiga, ina su ina duniyar wata? A shekarar da na karanta littafin an kwashe ɗalibai mata 279 daga Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, an kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba. Maganarsa tana da nauyi, kuma na daɗe ban sami abin ce masa ba. Abin da na lura da shi daga baya shi ne yadda sama kanta ta canja ma'ana a idon ƙannenmu. Ina ɗan shekara shida aka yi husufin rana na 29 ga Maris 2006, da hantsi gari ya dushe, kaji suka nufi akurki, manya suka tafi masallaci, mu kuwa muka yi ta tsalle muna leƙen sama ta cikin ruwan kwano. Yaran yanzu idan sun ɗaga kai jirgin yaƙi suke nema, su gane ko yau akwai tashin hankali a daji. Da magariba ake kora su ɗaka, shimfiɗar tsakar gida da ake kwanciya ana ƙirga taurari ta zama tarihi a ƙauyuka da yawa. An ƙwace musu gona da hanya da makaranta, an haɗa da sama. Littafin da zai ce wa irin wannan yaro akwai wani abu can sama ban da mai jefa wuta, kuma yaro mai suna irin nasa ya je ya gani, ban yarda cewa kayan alatu ne ba.

Kafin a maido da layukan waya na ba ɗan yayata littafin, yana aji biyar na firamare a lokacin. Ya kwana biyu da shi, sannan ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, shi wannan jirgin wane irin mai yake sha?" A makonnin nan ko galan guda ba a yarda a sayar wa mutum a jarka ba, babura suna jingine a bango, don haka tambayar ba ta wasa ba ce a wurinsa. Na ce ya koma ya duba da kansa, in bai gamsu da abin da ya samu ba ya rubuta nasa. Ya ce shi nasa jirgin da hasken rana zai yi aiki, irin farantin da ke kan rufin masallacin unguwarmu, kuma shi zai tuƙa. Har yau bai maido mini da littafin ba.